Kantarewar siririn fallen ƙarfe saboda zafi: tambayoyi da amsoshi kan lissafinta a kwamfuta ba tare da raga ba

Wannan shafi na ɗaliban injiniya ne da masu bincike da suka fara rubuta manhajar kansu don lissafin kantarewar falle, da kuma masu duba sakamakon da wani ya kawo musu. An ɗauka mai karatu ya san lissafin matirik kuma ya taɓa amfani da FEM. A ko'ina cikin shafin, a faɗin falle ne, h kaurinsa, E taurin ƙarfe, ν adadin Poisson, α kuma ma'aunin buɗewar ƙarfe a kowane digiri.

Mece ce kantarewar zafi, kuma me ya raba ta da lanƙwasa?

Ƙarfe in ya ɗau zafi buɗewa yake yi. Idan an bar shi sake, zai ƙara tsawo da faɗi, babu abin da zai same shi. Idan kuwa an riƙe gefunansa, buɗewar da aka hana shi sai ta koma matsi a cikin jikinsa. Ga fallen da aka riƙe ta gefe huɗu, matsin shi ne EαΔT/(1−ν), inda ΔT yake ƙarin zafin da fallen ya samu. A ƙarfen gini mai E na gigafaskal 210, α na 12×10⁻⁶, ν na 0.3, kowane digiri ɗaya na ƙara megafaskal 3.6.

Lanƙwasa tana tafiya ne daidai da nauyin da aka ɗora: ka ninka nauyi, ta ninka. Kantarewa ba haka take ba. Fallen yana nan a shimfiɗe, matsi na taruwa, ido ba ya ganin komai, har a kai wani mataki inda tsayawa a miƙe ya fi masa wuya fiye da turo ciki waje. Wannan matakin shi ake nema, kuma ana rubuta shi ΔTcr.

Masu ƙera jiragen sama sun daɗe da ɗaukar matsalar da muhimmanci. A 1952 hukumar NACA ta Amurka ta fitar da rahoton Gossard da Seide da Roberts kan fallen da aka zafafa tsakiyarsa aka sanyaya gefensa. Fatar fikafikan jirgin SR-71 ma an yi mata kunya-kunya irin ta kwanon rufi don ta samu wurin buɗewa a gudun da ya haura ninki uku na gudun sauti.

Digiri nawa ne ke kantarar da falle?

Kaɗan ne ƙwarai, fiye da yadda mutane suke zato. Ga falle mai gefe huɗu daidai, wanda aka ɗora gefunansa suna iya juyawa amma ba sa iya matsawa, amsar hannu ita ce:

ΔTcr = π²h² / [6(1+ν)αa²]

A lura babu E a ciki. Tauri yana ƙara wa falle juriya, yana kuma ƙara matsin da zafi ke haifarwa, sai su kashe juna. Fallen ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da kaurin milimita 10 zai kantare a digiri 10.5 kacal, lokacin da matsin cikinsa bai wuce megafaskal 38 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na abin da zai sa ƙarfen gini nau'in S235 ya saki. Alminiyum mai wannan girma, mai α na 23×10⁻⁶, bai kai digiri 6 ba.

Yanzu a bar fallen yadda yake, a canza gefe kawai. Idan an damƙe gefe huɗun tam, ba juyi ba matsawa, amsar ta koma kusan digiri 28. Idan an ɗora su amma gefe biyu masu fuskantar juna ne kaɗai aka hana matsawa, ta koma digiri 30. Idan duka huɗun suna iya zamewa waje, zafi mai daidai ko'ina ba zai taɓa kantarar da shi ba. Falle ɗaya, ƙarfe ɗaya, amsa huɗu. Bambancin da ke tsakanin EFG, ɗaya daga hanyoyi marasa raga, da FEM a wannan lissafi, in duka an yi su da kyau, bai kan kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Saboda haka duk wanda ya kawo lamba bai faɗi yadda ya riƙe gefe ta fuskar matsawa ba, lambarsa ba ta da amfani, ko da wace hanya ya bi.

Me ake nufi da hanya marar raga?

A FEM ana yanka falle gutsure-gutsure, kowane gutsure ya san ɗigogin kusurwarsa, kuma a cikinsa kaɗai ake gina lissafin da ke haɗa su. Wannan jerin wa-ke-haɗe-da-wa shi ne raga. A hanya marar raga ana watsa ɗigogi ne a kan falle da gefensa, a ba kowanne da'irar tasiri. Idan ana son sanin motsin falle a wani wuri, sai a duba ɗigogin da da'irarsu ta rufe wurin, a ba kowanne rabonsa gwargwadon kusancinsa.

Hanyoyin suna da yawa. SPH ce ta fari, daga Lucy da kuma Gingold da Monaghan a 1977, don nazarin taurari. EFG ta Belytschko da Lu da Gu ta fito a 1994, an gina ta a kan MLS, dabarar samo rabon kowane ɗigo, ta Lancaster da Salkauskas ta 1981. RKPM ta Wing Kam Liu da abokan aikinsa ta biyo a 1995, MLPG ta Atluri da Zhu a 1998, sai RPIM mai amfani da lissafin nisa tsakanin ɗigo da ɗigo. A aikin falle EFG da RKPM da RPIM ne aka fi gani, kuma EFG da RKPM kusan 'yan uwa ne na jini: in an ba su folinomiyal ɗaya da nauyi ɗaya, rabon da suke fitarwa iri ɗaya ne.

FEM tana yin wannan aiki tun da daɗewa. Mene ne ribar barin ta?

Ribar gaske guda ce, kuma tana da girma: santsi. Ka'idar Kirchhoff ta siririn falle, wadda ta fito a 1850, tana lissafa ƙarfin lanƙwasa ne daga gangara ta biyu ta w, wato motsin falle sama ko ƙasa daga shimfiɗarsa. Don haka dole gangarar farko ta zama ba ta da tsalle a ko'ina. Samar da wannan a kan iyakar gutsure da gutsure shi ne abin da ya wahalar da masu FEM shekara da shekaru, ya haifar da gutsattsari masu sarƙaƙiya. A MLS santsin rabo yana bin santsin nauyin da aka zaɓa. Ka zaɓi nauyi mai santsi zuwa gangara ta biyu, ka samu abin da kake so da lamba ɗaya tak, w, a kowane ɗigo.

Bayan wannan akwai sauƙin ƙara ɗigogi a inda zafi ke canzawa da sauri, kamar kusa da layin walda, ba tare da sake yanka komai ba. Matsin cikin falle ma yana fitowa sumul, ba shi da tsalle-tsallen da ake gani tsakanin gutsattsari, kuma daga wannan matsin ake gina matirik ɗin kantarewa.

Kuɗin da ake biya shi ne lokaci. Gutsuren FEM mai kusurwa huɗu yana haɗa kowane ɗigo da tara, har da kansa. A EFG mai da'irar da ta kai tazara uku da rabi, wuri ɗaya yana jin tasirin ɗigo kusan 38, kowane ɗigo kuma yana haɗuwa da kusan 150 a cikin matirik. Ga falle mai kusurwa huɗu ba rami, wanda ake so a san lambarsa kawai, FEM ta fi sauri kuma ta wadatar.

Yaya ake zaɓen folinomiyal, nauyi da faɗin da'ira?

Ga Kirchhoff ba a sauka ƙasa da mataki na biyu: 1, x, y, x², xy, y². Folinomiyal na mataki na ɗaya ba ya iya fitar da lanƙwasa mai daidai ko'ina, kuma ba zai kai ga amsa ba komai yawan ɗigogi. Nauyin da aka saba da shi shi ne 1 − 6r² + 8r³ − 3r⁴, inda r yake nisa a raba da faɗin da'ira. Shi da gangararsa ta farko da ta biyu duk suna zama sifili a bakin da'ira, abin da ake buƙata kenan.

A kowane wurin lissafi ana juya ƙaramin matirik A mai layi shida. Zai juyu ne idan akwai aƙalla ɗigo shida a da'irar, kuma ba su jeru duka a kan layi ɗaya ko biyu, ko a kan siffa irin da'ira ba. A kusurwar falle kwata ɗaya na da'irar ne kaɗai ke kan ƙarfe, shi ya sa manhaja kan fara faɗuwa a kusurwa. Krysl da Belytschko, a aikinsu na 1995 kan siririn falle, sun samu faɗin da ya fi dacewa kusan ninki 3.9 na tazarar ɗigogi. A fara daga 3.5 zuwa 4. Ƙasa da haka amsa na rawa, sama da haka sosai lokaci na tafiya kuma matirik K na taurin lanƙwasa na fara lalacewa.

Wani ƙaramin abu da ke ceton mutum: kafin a gina A, a mayar da tushen x da y zuwa wurin da ake lissafi, a raba da faɗin da'ira. Falle mai milimita 1000 yana sa lambobi daga 1 har zuwa 10¹² su haɗu a cikin A ɗaya, kwamfuta kuma sai ta zubar da lambobin ƙarshe.

Masu RPIM da ke amfani da lissafin Hardy na 1971 su kula da lambar q. Idan ta zama 1 cif, matirik ba ya juyuwa. Ana amfani da 1.03 ko 0.98.

Mene ne jerin matakan lissafin?

Na farko, a samo yadda zafi ya bazu a falle. In bai ɗaya ne, an gama. In ba haka ba, a warware lissafin tafiyar zafi a kan ɗigogin da za a yi amfani da su.

Na biyu, a warware motsin shimfiɗe, u da v, da zafin gwaji na digiri ɗaya, tare da ainihin yadda aka riƙe gefe. Daga nan a fitar da Nx, Ny da Nxy, wato matsin da ke cikin shimfiɗar falle, a kowane wurin tarawa (inda ake tara lissafi don gina matirik).

Na uku, a gina K na lanƙwasa da KG, wanda ake samu daga waɗancan N ɗin da gangarar farko ta rabo.

Na huɗu, a sa sharuɗɗan gefe, a warware (K + λKG)φ = 0. Ƙaramar λ mai alamar ƙari ita ce ΔTcr, φ kuma siffar kantarewa.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa, duka a mataki na biyu. Ɗaya shi ne mantawa da cire αΔT daga miƙewar da aka lissafa kafin a ninka da tauri. A fallen da aka riƙe gaba ɗaya, u da v sifili ne, don haka mai wannan kuskure zai ga N sifili, KG fanko. Na biyu shi ne ɗauko lissafin abu mai kauri, mai 1−2ν, a maimakon na falle mai 1−ν. Alamarsa a bayyane take: fallen da ya kamata ya ba da 10.5 sai ya ba da 6.0.

Wajen warware matakin ƙarshe, tunda K ne mai tabbataccen hali bayan an sa gefe, ya fi sauƙi a juya lissafin a nemi mafi girman 1/λ. Umarnin eigs na MATLAB da eigsh na SciPy duk suna yin wannan ba tare da an lissafa duka ƙimomin ba.

An sa w = 0 a ɗigogin gefe kamar yadda ake yi a FEM, amma gefen yana motsi. Me ya faru?

Lambar da ke kan ɗigo a MLS ba ita ce motsin wurin ba. Rabon ɗigo ba ya kaiwa ɗaya a kansa, kuma ba ya zama sifili a kan maƙwabtansa. Motsin gefe haɗin gwiwa ne na ɗigogin gefe da na ciki, don haka share layin ɗigon gefe daga matirik bai riƙe komai ba. Wannan ne tarkon da ya fi kama waɗanda suka taso a FEM. Ko wajen zana siffar kantarewa ma, sai an ninka φ da rabo a samo w na gaske, ba a zana φ kai tsaye.

Hanyoyin gyara uku ne. Ta tara: a ƙara babbar lamba β da ke hukunta duk motsin gefe. Tana da sauƙi, amma in β ta yi ƙanƙanta gefen ya zama sifirin, ΔTcr ta sauka, in ta yi yawa K ya lalace. A gwada daga ninki dubu zuwa ninki miliyan goma na babbar lambar K, a zana λ a kan β, a zauna a inda layin ya kwanta. Ta Lagrange: tana riƙe gefe daidai, amma tana kawo sifili a tsakiyar matirik, Cholesky ba ya aiki, kuma ƙimomin bogi kan shigo. Ta uku, wadda ta fi tsabta ga kantarewa: a rubuta sharuɗɗan a matsayin Hu = 0, a samo da SVD matirik Z na duk motsin da ya cika sharaɗin, a koma warware ZᵀKZ da ZᵀKGZ.

RPIM tana bi ta kan ɗigogi daidai, don haka share layi yana aiki ga w. Amma ga gefen da aka damƙe a Kirchhoff, gangarar da ke fuskantar gefe ba ta cikin lambobin ɗigo, sai an koma ɗaya daga hanyoyin ukun.

Kirchhoff ko Mindlin?

Ka'idar Reissner ta 1945 da ta Mindlin ta 1951 suna barin kauri ya ɗan zame, da gyaran 5/6 da aka saba. Bambancinsu da Kirchhoff a fallen da aka ɗora kusan kashi 5 zuwa 6 ne cikin ɗari idan a/h 10 ne, kashi 1.4 idan 20 ne, ba a ganinsa idan 100 ne. Ga ƙarfen gini ma tambayar ba ta cika tasowa ba: S235 da aka riƙe yana saki a digiri 65, kuma fallen da aka ɗora mai a/h ƙasa da 40 zai kai can kafin ya kantare. Inda Mindlin ke da muhimmanci shi ne falle mai hawa-hawa na zare da danƙo, ko mai laushin ciki.

Wanda ya zaɓi Mindlin don siririn falle ya shirya wa ƙagewa. Yayin da h ke raguwa, taurin zamiya na bin h, na lanƙwasa na bin h³. Idan rabon w da na juyi ba za su iya mayar da zamiya sifili tare ba, ɗan abin da ya rage sai ya danne komai, falle ya ƙage, ΔTcr ta yi sama. Hanya marar raga ba ta kuɓuta daga wannan ba. Gwajin shi ne a lissafa αΔTcr(a/h)² a a/h na 10, 100, 1000 da 10000. Ga ν na 0.3 ya kamata ta zauna a 1.265. In ta ci gaba da hawa, an ƙage. Maganin: ɗaga matakin folinomiyal, ko samo rabon juyi daga gangarar rabon w don su dace, ko tarawa mai daidaita lanƙwasa a kewayen ɗigo.

Siffar farko ta fito kamar haƙoran zarto, λ kuma ƙarama ƙwarai. Gaskiya ce?

Ba gaskiya ba ce. Wannan siffa ce da ba ta cin ƙarfi a lissafin K saboda an yi tarawa a wuraren da ba sa ganin ta. Yana faruwa idan an tara a kan ɗigogi kai tsaye, domin siffar da ke hawa da sauka daga ɗigo zuwa ɗigo gangararta sifili ce a kan ɗigon.

A nan ne ake gane cewa sunan "marar raga" bai cika ba. EFG tana buƙatar ɗakunan tarawa a bayan fage, sai dai ba sa haɗa ɗigogi kuma ba dole su dace da su ba. Rabon MLS ba folinomiyal ba ne, folinomiyal ne da aka raba da wani folinomiyal, don haka wuraren Gauss 2×2 da suka ishi FEM ba sa isa. A fara da 4×4 a kowane ɗaki ga Mindlin, 6×6 ga Kirchhoff, ɗaki ɗaya a kowace tazarar ɗigo, sannan a ƙara a ga ko λ ta motsa. Da'ira mai kusurwa huɗu da bakinta ya faɗa kan layin ɗaki tana rage kuskuren. Mai son tarawa a kan ɗigo ya yi amfani da SCNI, dabarar tarawa mai daidaitawa a kewayen ɗigo, ta Chen da abokansa ta 2001, ya kuma sani cewa a lissafin gangara ta biyu tana buƙatar ƙarin daidaitawa.

Kafin a sa kowane gefe, a lissafa ƙimomin K shi kaɗai. Lanƙwasa tana da sifili uku: ɗagawa ɗaya, karkata biyu. In sun fi uku, kar a wuce nan.

λ ta fito da alamar ragi. Kuskure ne?

In zafi bai ɗaya ne kuma an riƙe gefe, an juya alamar KG ne. In zafin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amsar gaske ce: tana nufin falle zai kantare idan aka juya tsarin, wurin da ya fi zafi ya koma wanda ya fi sanyi. Tsakiya mai zafi tana matsuwa, gefe yana ja. Tsakiya mai sanyi tana ja, gefe ya matsu ya yi igiya. Ko gefen da ba a riƙe ba yana kantarewa haka, domin ɓangaren sanyi shi ne ke riƙe mai zafi.

Duk mai walda da ya taɓa liƙa siririn falle a jikin firam ɗin ƙofa ya ga wannan. Layin walda in ya huce yana tsukewa kamar wuri mai sanyi, ya matse fallen da ke tsakani, ƙofa ta fito da ciki. Shi ya sa ake ɗiga walda nan da can maimakon jan dogon layi. Falle mai milimita ɗaya a faɗin rabin mita ΔTcr ɗinsa bai kai rabin digiri ba.

Idan fuska ɗaya ta fi ɗaya zafi fa?

A nan a yi hattara sosai. Bambancin zafi tsakanin sama da ƙasa yana haifar da ƙarfin lanƙwasa tun daga digirin farko. Gefen da aka damƙe yana iya shanye wannan ƙarfi, falle ya zauna a shimfiɗe, lissafin λ ya yi ma'ana. Gefen da aka ɗora ba ya iyawa. Fallen yana fara lanƙwashewa nan take, babu wani mataki na kantarewa, duk da cewa manhaja za ta ba da λ idan an tambaye ta.

Haka abin yake ga kayan da ake kira FGM, waɗanda aka fara tunaninsu a Jafan a 1984, masu yumbu a fuska ɗaya da ƙarfe a ɗayar, suna sajewa a tsakani. Ko da zafi bai ɗaya, buɗewar fuskokin ba ɗaya ba ce. Takardu da yawa sun buga jadawalin ΔTcr na irin wannan falle a ɗore. Jadawalin na da amfani wajen gwada manhaja da manhaja: alumina zalla mai E na gigafaskal 380 da α 7.4×10⁻⁶ tana ba da digiri 17.09 a a/h na 100. Amma wanda zai ƙera abu ya yi lissafin da ke bin lanƙwasa mataki-mataki.

E da α suna canzawa da zafi. Yaya ake yi?

Ninka λ da zafin gwaji yana aiki ne kawai idan K ba ya canzawa. In ΔTcr digiri 30 ce, a ƙyale. In ɗaruruwa ce, sai maimaici: a ɗauki kaddarorin zafin ɗaki, a samo ΔTcr, a sabunta E da α a wannan zafin, a sake, har amsa biyu a jere su yi kusa da juna. Ga ƙarfen gini, Eurocode 3 kashi na 1-2 ya ba da raguwar E: 0.9 a digiri 200, 0.7 a 400, 0.6 a 500, 0.31 a 600. A zafi bai ɗaya da gefe riƙaƙƙe E na fita daga lissafi, canjin α ne ke aiki. Amma in zafin ya bambanta, ko firam ɗin ya fi fallen sanyi, E ba ta fita.

Falle mai rami ko tsaga fa?

Da'irar ɗigon da ke bakin rami kan tsallaka ta taɓa ɗaya bakin, ta haɗa wuraren da babu ƙarfe tsakaninsu. Dokar gani tana yanke wannan: ɗigo ba ya tasiri a wurin da ba ya hangowa. Sai dai tana barin tsalle a cikin rabo, abin da Kirchhoff ba ya jurewa. Ga babban rami, a ƙanƙanta tazara da da'ira kusa da shi don kar su tsallaka. Ga tsaga, a yi amfani da dabarar da ke auna nisa ta zagaye bakin tsagar. Ɗakunan tarawa su bi siffar ramin, jefar da wuraren Gauss da suka faɗa ciki kawai yana ɓata amsa.

Kar a yi mamaki in ΔTcr ta ƙaru da girman rami. A fallen da aka damƙe, rami a tsakiya yana ba ƙarfe wurin buɗewa, ya rage matsi a inda ya fi rauni. Ana iya ganin haka ne kawai idan an warware mataki na biyu da gaske, ba a ɗauka N bai ɗaya ba ne.

Me ke faruwa bayan ΔTcr?

Falle ba ya rushewa kamar ginshiƙi. Yana turo ciki, turowar tana sassauta matsin, tsayin cikin kuma yana ƙaruwa kusan daidai da tushen murabba'in abin da aka haura. Don bin wannan ana amfani da lissafin von Kármán na 1910, u da v da w a haɗe, ana ƙara zafi kaɗan-kaɗan da Newton-Raphson. Dole a ba fallen ɗan karkata na asali, siffar farko mai tsayin kashi ɗaya cikin ɗari na h, in ba haka ba kwamfuta za ta wuce ΔTcr da shi a miƙe.

Dogon falle yana da wata fitina. Idan tsawonsa ya ninka faɗinsa sau biyar, matsin kantarewar siffofi uku na farko yana kan ninki 1.04, 1.16 da 1.36 na π²D/a² (D taurin lanƙwasar falle), kusa da juna, kuma yana iya tsalle daga wata zuwa wata yayin da zafi ke ƙaruwa. A nan Newton kan tsaya, sai a koma hanyar tsawon baka ta Riks ko Crisfield, ko a bi tsallen da lissafin motsi.

Akwai manhajar kasuwa da ke yin wannan?

LS-DYNA tana da EFG da SPH, Abaqus/Explicit tana da SPH, amma an gina su ne don karo, tsagewa da malalar ruwa. SPH ta asali ba ta dace da wannan aiki ba: tana rasa daidaito a gefe, kuma tana rikicewa a ƙarƙashin ja. Yawancin masu bincike da kansu suke rubutawa a MATLAB ko Python. Ɗigo 17×17, wato 289, sun isa gwajin farko a kwamfutar cinya.

Ta yaya za a amince da sabuwar manhaja, kuma me ya sa gwajin ɗakin bincike ba ya dacewa da ita?

A bi da jeri. Rabo a kowane wuri ya haɗu ya ba da ɗaya, ya kuma maido da x² da xy da y² daidai. Sifili uku a K. Sannan fallen da aka ɗora: 10.5, sai 26.4 sau biyu, sai 42.2. Idan tagwayen 26.4 suka rabu a kan ɗigogi masu jeri daidai, akwai kuskure tsakanin x da y. Sannan wanda aka damƙe, inda N take 5.30π²D/a², da mai da'ira a damƙe, 14.68D/R², inda R yake nisa daga tsakiya zuwa gefe. A maimaita da 9×9, 17×17, 33×33, sannan a girgiza ɗigogin ciki da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na tazararsu. Hanyar da ke aiki a jeri kaɗai ba ta ba da ribar da aka bar FEM dominta ba.

A ɗakin gwaji kuwa, firam ɗin da ke riƙe da falle shi ma yana ɗaukar zafi yana buɗewa, kusoshi suna zamewa a raminsu, kuma babu firam mai taurin da ba ya motsi. Abin da ke matse falle shi ne bambancin buɗewarsa da ta firam, don haka a sa ma'aunin zafi a kan firam ɗin ma, a auna motsin gefe, a shigar da taurinsa cikin lissafi a matsayin sifirin. Fallen kansa yana zuwa da karkata daga masana'anta, sau da yawa fiye da kaurinsa idan siriri ne sosai, don haka ba za a ga kusurwa mai kaifi a zanen motsi da zafi ba. A auna siffarsa kafin a kunna wuta, a sa ta a lissafin von Kármán, a kwatanta layin gaba ɗaya da layin gwaji.